Robobi Masu Jan Murfi

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidajen dangi: wai ubanku ne ya tona wa ƙanen mahaifinsa asiri a gaban jama'a, ya sa aka kore shi daga aiki da furfurarsa. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a gaban idona, amma ina lura da yadda hira take mutuwa idan na shiga zauren suna ko na zaman makoki a ƙauyenmu Mainika. To, gaskiya ne, na yi. Sai dai rabin labari aka ba ku, kuma rabin da ba na jin kunyarsa ne. Ɗaya rabin daga ni sai mahaifiyarku muka san shi ciki da bai, ita kuwa kun san halinta, ko wuni za a yi ana lallashinta ba za ta faɗi aibina ba. Shi ya sa zan rubuta da hannuna tun idona yana iya bin layi.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwarzo. Aikin duba-gari na koya, wato aikin da ake biyan mutum don ya leƙa randar mutane da bayan gidansu, ya ƙi yarda da duk abin da aka gaya masa sai ya gani da idonsa. Ko kafin makaranta ma haka Allah Ya yi ni. Mahaifiyata takan ce ko nono aka ba ni ina jariri sai na shinshina tukuna. Da aka buɗe sashen masu tarin fuka a asibitinmu, sai aka ɗora mini kula da shararsa. Kada ku ji shara ku zaci ganye da leda. Duk wanda ya zo da tsohon tari, ana ba shi wata 'yar roba fara mai jan murfi, ba ta kai kofin shayi ba, ya zaga bayan ɗaki ƙarƙashin darbejiya ya kako kaki daga ƙirjinsa ya tofa a ciki, ya murɗe murfin. A ɗakin gwaji sai a lakaci kaɗan a shafa a jikin ɗan gilashi a duba a madubin gwaji mai nuna ƙwayoyin cuta. Abin da ya rage a robar nan, idan mutum yana da cutar, to ita ce da kanta a ciki. Ƙa'ida ita ce a jiƙa robobin a ruwan magani su kwana, washegari a ƙone su har su narke, gilasai da allurai kuma a zuba su a wani rami daban mai zurfi a rufe. Haka yake a takarda. A ƙasa kuwa, tanderun ƙona shara ya tsage tun zamanin tsuke bakin aljihu ba a sake waiwayarsa ba, ruwan maganin kuma sai ya zo wata guda ya ɓace wata uku. Idan babu shi, sai a murɗe murafen da kyau, a tara a bokiti, a kai rami a yayyafa kananzir a ƙyasta ashana.

Mutum biyu ne hannunsu yake taɓa robobin nan bayan maras lafiya. Ta farko Madam Rifkatu, mai ɗakin gwaji. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, mijinta yana koyarwa a sakandare. Sun daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta iya aikinta, wannan ko a lokacin ban musa ba, amma ba ta iya kawar da kai ba idan ta ga ba daidai ba. Ta taɓa tsayar da ni a gaban marasa lafiya don na shiga ɗakinta ba takunkumi, ta ce in fita in sako. Na fita na sako, amma abin ya zauna mini a rai. Na biyu kuwa Baffa Ɗanladi ne, ƙanen mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, ya riƙa kai ni makaranta a bayan kekensa. Da gona ta daina ciyar da shi, ni na yi masa hanya aka ɗauke shi lebura, aikinsa ɗaukar bokiti zuwa rami da ƙonawa. Mutum ne na sahun farko, ba ya ƙarya, ko allurar ɗinki ya tsinta sai ya yi cigiya. Kullum da hantsi ina hango hayaƙi yana tashi daga bayan katanga, sai in ce Baffa ya gama aikinsa. Ni da nake leƙa randar kowa, ban taɓa zuwa na leƙa ramin Baffa ba.

Ku sani kuma mutanenmu ba su taɓa sakin jiki da maganar kakin nan ba. Mutumin da ya taso yana binne gashinsa da farcensa don kada maƙiyi ya samu, ka ce ya tofa abin da ke ƙirjinsa a roba ya miƙa wa baƙuwa har sau uku, ai ka san akwai aiki. Wani dattijo daga Madadi ya taɓa riƙe robarsa gam ya ƙi saki, ya dube ni ya ce:

"Yaro, in an gama dubawa, ina ake kai shi?"

Na ce, "Ƙonewa ake yi, Baba."

"Wa yake ƙonewar? Ita?"

"A'a, Baffana ne, Malam Ɗanladi na Mainika."

Ya ce, "To, in Ɗanladi ne na yarda." Sannan ya saki.

Kun ga ashe sunan Baffa ne yake riƙe da sashen namu, ba takardunmu ba. Shekarar kuma ba ta kwanciyar hankali ba ce, ana murna ana ɗar-ɗar. An yi tashin hankali a wasu garuruwa, baƙi da yawa sun kwashe iyalinsu, waɗanda suka rage suna auna kowace kalma kafin su furta, mu 'yan gari kuma kowa ya zama mai sa ido a kan maƙwabcinsa.

Ana nan bayan kaka, mahaifiyarku ta je Kabo barkar yayarta da ta haihu, ta dawo da yajin jego irin wanda ake raba wa 'yan barka. Da ta kawo mini abincin rana sai ta ajiye yajin a gefe. Na miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a hanya. 'Yar roba ce fara mai jan murfi. Na ɗaga ta sama inda haske yake. An goge jikinta tas, amma alƙalamin da ake rubuta lambar maras lafiya da shi yana cin roba, ko an wanke sai inuwarsa ta rage. Ga lambar nan ina karantawa, kuma rubutun Madam ne, na san shi kamar nawa.

Na ce, "Ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Gidan Yaya mana, kowa an ba shi. Wai wajen wani mai yaji a kasuwa ake samun robobin. Lafiya, Malam?"

"Yara sun ci?"

"Halima ta lasa ɗazu."

Ke ce, Halima, lokacin kina shekara huɗu, ba abin da yake wuce bakinki. Na ture kwanon abincin, na juye yajin a wuta, na ƙulle robar a leda, na yi ta wanke hannu da sabulu kamar zan cire fatar. Kafin in gama wankin na riga na yanke hukunci. Rubutu nata ne. Mabuɗin ɗakin gwaji yana hannunta. Kullum da wata jaka mai faɗi take tashi daga aiki. Tana soya cincin tana bayarwa a shaguna, ke nan ta san 'yan kasuwa. Duk abin da na jera sai ya zauna daram. Baffa kuwa ko bai faɗo mini a rai ba, ko ya faɗo na kore shi, wannan har yau ban tantance ba.

Washegari na kai wa incajinmu, wato shugaban asibitin, robar. Dattijo ne mai sanyin hali, ya jujjuya ta a cikin ledar ya yi ajiyar zuciya.

Ya ce, "Garba, zan bincika. Amma don Allah ka riƙe bakinka. Lokacin nan ba na wasa ba ne."

Na riƙe bakina daga hantsi har la'asar. Bayan salla, a majalisarmu ta ƙofar wani mai faci, aka ce me ya sa na haɗe rai haka. Sai zuciya ta ɗebe ni.

Na ce, "Ni dai ban ce komai ba. Amma robobin kakinku suna yawo a kasuwar Kabo, da rubutun wata a jiki."

Ban ce komai ba, in ji ni, alhali ba abin da na rage. Ni roba na ce, gari ya ce kaki. Cikin kwana uku magana ta zama wai matar nan tana tara kakin Musulmi tana sayar wa matsafa, har da mai rantsuwar ya ga motar da take zuwa ɗauka. Sashenmu ya zama kufai. Masu sabon tari suka daina zuwa, har waɗanda suke zuwa kullum da safe su haɗiyi ƙwayoyinsu a gabanmu suka ɗauke ƙafa, kuma ni na fi kowa sanin cewa wanda ya yanke maganin nan a tsakiya, cutar dawowa take yi da ƙarfinta. Wasu samari da suka naɗa kansu masu gyaran gari suka fara zarya a layin su Madam. Aka jefi kwanon gidansu, 'ya'yanta suka daina fita makaranta. Da dagaci ya ga abin yana neman fin ƙarfinsa, sai ya ce a hallara a zaurensa ranar Asabar da safe, a ji ta bakin kowa. A raina kuwa, kada in yi muku ƙarya, akwai tsoro kaɗan, amma akwai wani ɗan daɗi ma. Wadda ta ce in fita in sako takunkumi, yau ga ranarta.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na hau babur na nufi Mainika. Niyyata in shirya Baffa ya zama shaida, ya faɗa ko ya lura bokitin da ake ba shi ya rage nauyi. Na tarar bai dawo ba, ya tsaya gaisuwa. Na yi sallama, matarsa Inna Tabawa ta amsa daga ciki. Ita ta yaye ni daga maraici, a cinyarta na yi ƙyanda.

Ta ce, "Shigo mana, Garba, yaushe ka zama baƙo?"

Na shiga. Tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ga baho a gabanta, ga toka, ga soso. A gefenta buhu ne a buɗe. Tana ɗauko roba, ta murɗe murfin, ta ƙwanƙwasa ta a bakin dutse abin ciki ya fita, ta tsoma a ruwa ta hau dirza, fuskarta a saman bahon. A kan tabarma kuma ga wankakku an jera a rana, murafen daban, jajur kamar an shanya tattasai. Na daka mata tsawa irin wadda ban taɓa yi mata ba tun da nake.

"Inna, saki! Tashi daga nan!"

Ta firgita ta saki soson. Ta ce, "Innalillahi! Maciji ne?"

Na ce, "Ya fi maciji. Tun yaushe kike wannan wankin?"

"Tun daminar bara. Baffanka ne yake kawowa a ƙarƙashin harawa. Mai yaji yana karɓa ya ba mu gishiri da daddawa, sauran in raba wa maƙwabta. Laifi ne?"

Muna cikin haka Baffa ya shigo da carbinsa a hannu. Ya dube ni, ya dubi tabarmar, bai ko ji kunya ba, don a ganinsa ba abin kunya a wurin. Na gaishe shi a tsaye, abin da ban taɓa yi ba, na ce robobin da aka ba shi ya ƙone ne waɗannan.

Ya ce, "Su ne. Auduga ina ƙonewa, kwali ina ƙonewa, allura da gilashi ina binnewa yadda kuka ce. Amma roba sabuwa fil, ko tsagu babu, a wannan zamani da mace take neman abin zuba gishiri ta rasa, in sa mata wuta? Allah ba zai tambaye ni almubazzaranci ba?"

Na ce, "Baffa, cuta ce a ciki."

"Ai shi ya sa ake wankewa. Sau bakwai take wanke kowace, na farko da ƙasa, ni na koya mata. Kwanon da kare ya sa baki ma haka aka karantar da mu a yi masa. Kakin ɗan Adam, ɗan'uwanka Musulmi, ya fi bakin kare ƙazanta ne?"

"Baffa, tsarki daban, cuta daban. Kuma ba mai cin yaji na fi ji ba, mai wankin nake ji. Ita ce take buɗewa tana shaƙa."

Ina ganin a nan ne maganar ta fara shigarsa, don ya juya ya dubi Inna ya daɗe. Sannan na gaya masa abin da ake ciki a gari, da zaman da za a yi gobe. Ashe ya ji ana ƙus-ƙus a kan Madam, amma da yake kaki da matsafa ake ta faɗa, bai taɓa kawowa robobinsa ake nufi ba. Ya zauna a bakin turmi, ya cire hula ya riƙe.

Ya ce, "Daga yau na daina. Kwashe su ka ƙone da hannunka. Amma gobe ka yi shiru, Garba. Ita baƙuwa ce, in ta ga ba daɗi za ta koma garinsu, can ma ana tari. Ni ina zan koma? Mutanen nan don ni suke miƙa robarsu."

Sau ɗaya ke nan a rayuwata na ji zalunci ya fito daga bakin Baffa, kuma da yake faɗa ƙasa yake kallo. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na haƙa rami a bayan gida, na zuba robobin duka da soson da buhun, na zuƙo fetur daga babur na cinna musu wuta, na tsaya har suka zama baƙin dunƙule. Na sa Inna ta yi wanka ta canja kaya, tana ta mita wai na mayar da ita gawa.

Da na koma gida na zayyana wa mahaifiyarku komai. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba har na gama.

Ta ce, "Malam, da wani ne ya fara maganar nan, da sai in ce ka yi shiru Allah Ya rufa asiri. Amma daga bakinka ta fita. Matar nan ita ta zauna da ni a asibiti ranar da na yi ɓari, kai kana wajen taro."

Na hau ta da faɗa, na ce wa ya tambaye ta, na ce ba ta san abin da Baffa ya yi mini a duniya ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Kun san shirunta, ya fi zagi ciwo.

Na shiga zauren dagaci ranar Asabar ban san abin da zan yi ba, wannan ita ce gaskiya. Ga dagaci, ga liman, ga incaji, ga dattawa. Samari sun cika ƙofa har sun tare iska. Baffa yana can lungu ya sunkuyar da kai. Madam da mijinta suna tsugune a tsakiya, ta lulluɓe kanta da mayafi, mijin yana ta murza hannuwa. Aka ajiye robar a gaban dagaci. Aka tambaye ta rubutunta ne, ta ce nata ne. Sai zaure ya ɗauki guna-guni, wani daga waje ya yi kabbara. Dagaci ya tsawatar, ya ce to yaya aka yi ta je Kabo.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Ni ina rufewa in sa a bokiti, daga nan ba hurumina ba ne. Ku tambayi Malam Garba. Shi ne mai kula da shara, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya san ba ya ƙarya."

Duk ido ya dawo kaina. Da zagina ta yi, ina jin da na iya yin shiru. Na dubi Baffa, bai ɗago ba. Na ji muryata tana fita kamar ba tawa ba. Na ce matar nan ba ta da laifi ko ƙanƙane. Na ce ba kaki ake sayarwa ba, ba matsafa, ba mota. Na ce robobin daga rami suke fita, jiya na gan su da idona a gidanmu na Mainika ana wankewa, kuma Baffana ne yake ɗauka, ba don mugunta ba, don yana ganin ƙone su ɓarna ne. Na ce ni ma ina da laifi, don aikina ne in tsaya a kan ramin ban tsaya ba. Iyakar laifin da na ɗauka ke nan a zauren. Ban ce ni na kai maganar majalisa ba.

Liman ya tambayi Baffa ko haka ne. Ya miƙe da ƙyar ya ce haka ne, ya nemi gafarar jama'a, ya juya wajen Madam ya nemi tata. Sannan ya ɗauki takalminsa ya fita, samarin suka dare masa hanya. Ni ko kallona bai yi ba. Liman ya yi nasiha mai kyau, ya ce wankin tsarki ba ya maye gurbin abin da masana lafiya suka ce, kuma zato ba shaida ba ne. A satin aka sallami Baffa. Incaji ya so ya rufa masa, amma magana ta riga ta kai sama.

Daga ranar na canja yadda ake aikin. Idan ruwan magani ya yanke, mukan haɗa mu sayi ruwan bilic na wankin fararen kaya a kanti, ba robar da take fita daga ɗakin gwaji sai ta kwana a jiƙe. A bakin rami mutum biyu ne, ni na uku, ba mai tafiya sai mun tona toka da sanda mun ga ba abin da ya rage mai siffar roba. Na bi kasuwar Kabo da ta Garo na karɓo waɗanda na samu, mai yajin har ya so mu yi dambe. Marasa lafiya suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, wasu sai da na bi su gida. Wasu kuwa ba su dawo ba.

Madam ba ta zauna ba. An wanke ta a zaure, amma mijinta ya ce ba zai bar 'ya'yansa a layin da aka jefe su ba, ya nemi canjin wurin aiki ya samu. Ranar da za su tashi na je ina taya su ɗaure kaya a mota. Ta kira ni gefe ta miƙa mini mabuɗin ɗakin gwaji.

Ta ce, "Na gode da ranar nan, Malam Garba. Na san ba abu ne mai sauƙi ba."

Na ce ba komai, gaskiya ce kawai.

Ta ce, "Amma da ka fara zuwa ka tambaye ni. Ɗakina da ofishinka taku goma ne. Ai na san daga bakin da maganar ta fito."

Ashe ta sani tun kafin zaure, kuma da saninta ta kira ni shaida. Har motar ta tashi ban iya cewa ta yafe mini ba, kuma ban sake ganinta ba.

Bayan tafiyarta aka rufe madubin gwaji da ƙyalle. A shekarar ba mai son a turo shi ƙauye, masu irin iliminta kuma ba su da yawa. Wata biyar ɗakin yana kulle. A cikin watannin nan ne Inna Tabawa ta fara tari. Ban ji da wuri ba, don Baffa ya hana kowa na gidansa taka ƙofata, ni ma in na je gaisuwa a zaure ake tsayar da ni. Aka yi ta jiƙe-jiƙe. Da suka gaji suka kai ta asibitinmu a ranar da ba na nan, aka ce ba mai gwaji, aka ba ta maganin tari na kwalba ta koma. Sai da ta fara tofar da jini wata maƙwabciya ta aiko wa mahaifiyarku. Na je na ture ƙofar ba tare da jiran izini ba. Na same ta ta zama ƙashi da fata. Da hannuna na ba ta robar, da hannuna na kai babban asibiti, na yi ta sintiri har sakamako ya fito. Cutar ce. Aka fara magani, amma jikin ya riga ya tafi. Ba ta cika wata guda a kansa ba Allah Ya yi mata rasuwa.

Ranar uku, bayan an yi addu'a mutane sun watse, na tashi zan tafi sai Baffa ya kama bakin rigata. Rabonsa da yi mini magana tun zauren dagaci. Mu biyu ne a kan tabarma, rana ta take.

Ya ce, "Garba, kai ba ka ƙarya, wannan na gani a jikina. Gaya mini. Wankin nan ne ya kashe ta?"

Na ce, "Ban sani ba, Baffa. Tarin nan yana ko'ina, a kasuwa, a mota, a gidan biki. Yana iya zama wankin, yana iya zama ba shi ba. Ba likitan da zai iya rantse maka."

Ya gyaɗa kai, hawaye yana bin gemunsa. Sai na ji ba zan iya barin maganar a nan ba.

Na ce, "Amma akwai wanda na sani. Ranar da kuka kai ta asibiti, da matar nan tana nan, da a ranar za a gano, da Inna ta fara magani da ƙarfinta. Ni na kori matar, Baffa. Ni na kai maganarta majalisa tun ban tambayi kowa ba. Naka ana shakka, nawa ba shakka."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Na zaci zai tsine mini, kuma da ya yi da ban ga laifinsa ba. Sai ya matsa gefe ya buɗe mini wuri a tabarmar.

Ya ce, "To zauna. Tunda mu biyu ne, kada ka bar ni ni kaɗai."

Na zauna. Muna nan tare a kan tabarmar har aka kira la'asar.